Baƙin Damin Mama Talatu

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan shuka a Maiduguri, bayan duk mun fid da rai. Wata biyu ke nan zafi yana dafa mu a Moduganari, ga rashin wuta, fanka ta zama kayan ado, ruwan sha sai an bi layi. Da na ga hadari ya haɗo daga gabas sai na ja kujerata bakin ƙofa. Ruwa ya sauko da ƙarfinsa, ƙasa ta saki ƙamshin nan da kowa yake so. Ni dai ba na sonsa. Matata Rifkatu ta san haka, shi ya sa da ta kawo tuwo ta ga ban taɓa ba, sai ta rufe ta mayar.

A tsallaken layinmu akwai 'yan cocinmu da rikici ya koro daga ƙauyuka. Na ga ɗaya daga cikinsu ya fito bayan ruwa ya ɗauke, ya tona ƙasa da dunduniya don ya ga inda laima ta kai. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya mayar da ƙasar ya koma ciki. Rabonsa da gona shekara goma ko fiye.

Ni Rabaran ne, na yi ritaya. Matasan fastoci sukan zo gaishe ni, kowa da digirinsa da wayoyi biyu, su ce, "Baba, mene ne sirrin daɗewa a hidima?" Nakan ba su amsar da za ta shiga littafin rubutunsu, su tafi suna murna. Wannan labarin kam ban taɓa ba su shi ba, kuma kunya ce ta hana ni.

A cikin garin nan aka haife ni, babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Gero a mudu na san shi. Rifkatu ma haka, 'yar tela ce. Da na gama makarantar masu bishara, shekara arba'in da wani abu ke nan, aka tura mu wani ƙauye bayan Konduga. Masu bi kamar gida ashirin ne, yawancinsu daga kudancin Borno suka zo neman gona, suka zauna a gefen Kanuri. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, yau ko akuya babu a cikinsa. Wanda na gada, Malam Adamu, tsoho ne da ya yi shekaru a wurin, ya rasu kafin in iso. Bai bar mini ko takarda ɗaya ba, duk abin da ya sani ya tafi da shi. Ni kuwa na iso da akwatin littattafai da kwat ɗaya, ina ganin babu abin da mutanen ƙauye za su koya mini.

A wancan lokacin abincin mai bishara daga godiyar kaka yake fitowa. In an gama girbi sai a sa rana, kowane gida ya ɗauko dami ya kawo gaban bagade ana waƙa. Bayan sujada matasa su kwashe su zuba a rumbun Malam, wato mai bisharar. Abin da zai ci ke nan har wata kakar. Yanzu buhun shinkafa da kwalin taliya ake kawowa a bayan mota, ba a san gonar wa suka fito ba. A da kuwa kowa yana ganin damin kowa, an kuma san wanda gonarsa ta yi da wanda ta ƙi.

Daminarmu ta farko ta fara lafiya. Gero ya tashi, ya yi ciki, ya fara fid da kai, sai ruwa ya ɗauke kamar an rufe famfo. Kullum da yamma hadari ya haɗo, mu fito mu tsaya, iska ta zo ta watsar da shi. Muka yi azumin kwana uku a coci, maƙwabtanmu Kanuri suka fita bayan gari roƙon ruwa. Ganyen gero ya naɗe, ya koma ruwan toka. In ka murza zangarniya a tafin hannunka ka hura, sai ka ga kusan duka ta bi iska.

Ana cikin haka takarda ta zo mini cewa babban Rabaran na gunduma zai zo ranar godiyar kaka ya ga aikina. Shi ne mai zaɓen wanda za a tura makarantar fastoci, daga can kuma sai a keɓe shi ya zama fasto. Tun daga ranar na daina ganin gonaki, gaban bagade kawai nake gani, da yadda zai kasance wayam a idon baƙo.

Baba Yohanna, babban dattijon ikkilisiya, ya same ni a gindin darbejiyar ƙofar coci. Mutum ne mai magana a hankali, Hausarsa da karin yarensu.

"Malam, bana a yi godiya da baki kawai. Allah ya ga gonakin."

"Baba, in mun gode sai lokacin da rumbu ya cika, ina bangaskiyar take?"

"Bangaskiya tana nan, ɗana. Hatsi ne babu."

Na ce masa irin wannan tunanin ne yake hana ikkilisiya girma. Yaro ɗan shekara ashirin da shida yana faɗa wa mai furfura haka. Ya dube ni, ya ce, "To, Malam," ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Lahadi uku a jere ina wa'azi a kan bayarwa. Na iya magana a lokacin, wannan kam ba a ƙwace mini ba. Na ce kada wanda ya shigo gidan Allah hannu rabbana. Na ce wanda ya ɓoye, kansa ya ɓoye wa albarka. Ina yi ina buga mumbari, mutane suna zaune da idanu a ƙasa, ni kuma ina ɗauka Maganar ce take shigarsu.

Ranar godiya na sa kwat ɗina a cikin zafin nan. Sai ga mai keke da saƙo, Rabaran ya ce wani uzuri ya tsare shi, sai wani jiƙon. Raina ya ɓaci, amma aka ci gaba. Dammuna suka riƙa shigowa, ƙanana, marasa nauyi. Can ƙarshe Mama Talatu ta taso daga layin mata. Gwauruwa ce, mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar ta da yara uku, ƙaramarsu Ladi tana goye. Ta ɗauko wani ɗan dami baƙi ƙirin, duk kunkunniya, an ɗaure shi da kaba a wuri uku. Ta ajiye shi daban, ba ta haɗa da sauran ba. Waƙa ta yi rauni, wata tsohuwa ta ce, "Kai, Talatu," ƙasa-ƙasa. Na ɗaga damin sama na yabe ta a gaban jama'a, ya ɓata mini hannun kwat. A zuciyata kuwa cewa nake, tsohon hatsin da ya sha hayaƙi ta rasa yadda za ta yi da shi ta kawo wa Allah. Da aka kai kaya gida na ce a jefa shi can ƙasan rumbu.

Rani ya shigo, maza suka watse. Wasu suka zo nan Maiduguri suna dakon fata da jan shanu a Kasuwar Shanu, wasu ba a sake jin labarinsu ba sai bayan shekara. Ƙauye ya rage mata da tsofaffi da yara. Da asuba mata su tafi rijiya, guga ta riƙa fitowa da laka, a jira ruwa ya taru. Da hantsi su shiga daji neman aduwa da goruba da busasshen ganyen tafasa. Daga baya aka koma tona gidan tururuwa, a kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara, a sheƙe. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sannan ya koma kunu, kunun ma kana ganin ƙasan ƙwarya. Ranar Lahadi na rage tsawon sujada don mutane ba sa iya tsayuwar waƙa. Yara sun daina wasa a dandali, suna zaune a inuwa ƙuda na bin bakinsu.

Mu ma rumbunmu yana ta sauka. Rifkatu tana da cikin fari, ƙafafunta sun kumbura, in ta miƙe sai ta dafa bango. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, na shiga rumbu na tarar ba abin da ya rage sai baƙin damin nan.

Akwai wani abu da yunwa ta koya wa kowa a shekarar, ba a daka a tsakar gida. Ƙarar turmi tana kiran yaran maƙwabta, su zo su jeru a bakin zana, kai kuma ba ka da abin ba su. Don haka Rifkatu ta shigar da turmi ɗaki da rana tsaka, ta naɗe gindinsa da tsohon bargo, ta rufe ƙofa. Da a waje ta yi, da macen farko da ta leƙo ta riƙe mata taɓarya. Ba wanda ya gani. Da ta sussuke ta kira ni ta ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah." Ƙwayoyi manya-manya, cikakku, babu ko ɗaya da ƙwaro ya huda. Muka durƙusa muka yi godiya. Kunun yana warin hayaƙi amma yana da kauri, yana zama a ciki. Kwana tara muka yi muna shansa, kuma ba zan ɓoye ba, ban taɓa shan kunu mai daɗinsa ba.

Bayan mako uku ruwan shuka ya sauka da rana, mai yawa, har kwari ya cika. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa. Washegari da sassafe kowa ya fita da sungumi, har waɗanda ba sa iya tafiya sosai. Ina tsaye a ƙofar gida sai ga Mama Talatu da ƙwarya a hannu, Ladi a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jikin Rifkatu. Fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun kaka.

"Malam, na zo karɓar irin."

"Wane iri, Mama?"

"Irin gero. Wanda na kawo ranar godiya. Ko rabi ka ba ni, sauran ka raba wa waɗanda ba su da shi, yadda Malam Adamu yake yi."

Rifkatu tana bakin murhu, ludayi ya faɗi daga hannunta. Na so in yi ƙarya, na so in ce gara ta ci, har maganar ta zo bakina. Sai na ce, "Mama, mun ci."

Ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba.

"Duka?"

"Duka."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kife ƙwaryar a kan gwiwarta, ta ce, "Na babansu ne. Shi ya riƙa zaɓa tun kafin ya aure ni." Ta gyara goyonta ta miƙe, har da ce mini sai an jima.

Na ruga gonar Baba Yohanna, na same shi yana saran rami, matarsa tana bi tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Da na gaya masa sai ya jingina da sungumin ya rufe ido. Shi ya bayyana mini abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani. Kafin a yi girbi manomi yakan zaga gona ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta kuma riga sauran nuna. Ya ɗaure ta daban da kaba, ya rataye a saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwaro shiga. Shi ya sa take baƙi. A shekarun wahala, wanda ba shi da abin godiya yakan kawo irinsa gaban bagade, Malam Adamu ya rataye a madafinsa, in ruwa ya sauka ya mayar wa mai shi, ya ɗan yafa wa marasa shi. Ta haka mutum ya fita kunyar jama'a, irin kuma ya tsira daga bakin yaransa. Geron mijin Talatu kuwa an san shi, shi yake riga na kowa nuna, a gonarta ake fara cin tumu.

"Baba, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Malam, wa zai gaya wa mutum cewa ba a cin iri? Kuma ranar da na zo maka da magana, ka tuna yadda muka rabu."

Na bi gida-gida, kowa ya riga ya zuba ɗan abin da yake da shi a ƙasa. Na je wurin Bulama, mai garin Kanuri, ya tarbe ni da gaisuwarsu ta wushe-wushe, ya saurare ni, ya shiga da ni har madafinsa ya nuna mini igiyar da irinsa yake rataye, ba komai a jikinta. Sai na jira ranar kasuwar Konduga na taka da ƙafa, kwat ɗina a ƙunshe. Babu irin gero ko na magani. Wani Bakano mai hatsi ya karɓi kwat ɗin ya auna mini abin da yake da shi, kuma bai rufe ni ba.

"Malam, wannan maiwa ce, daga kudu ta zo. Tana son ruwa mai tsawo. In damina ta gajarce, kara za ka girba."

Na karɓa, don ba ni da wani zaɓi. Kwana goma sha ɗaya bayan kowa muka shuka gonar Mama Talatu. A nan na fara riƙe sungumi a rayuwata. Ita ce ta nuna mini yadda ake sara a taka, ta gyara mini riƙon fartanya, ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Lokacin noman firi, wato noman farko, ikkilisiya ta yi mata gayya, gayyar da ba a dafa komai ba, ruwa kawai aka ajiye a tulu a gindin aduwa. Mutane suna noma suna zama suna tashi.

A tsakiyar daminar nan Rifkatu ta haifi 'yarmu ta fari, lafiyayya, mai nauyi. Mama Talatu tana cikin matan da suka riƙa kawo itacen wankan jego.

Maiwa ta tashi kore shar, ta wuce tsawon mutum, ta fi kowace gona kyan gani. Ina murna, Baba Yohanna kuwa in ya wuce sai ya dubi sama. A lokacin ne babban Rabaran ya iso a ƙarshe, ba sanarwa. Aka ce masa Malam yana gonar wata gwauruwa. Ya zo ya same ni cikin yagaggiyar singileti, hannu duk ciwo, ga shuka ta rufe mu. Ya riƙe hannuna ya juya shi, ya ce wa dattawan da suka rako shi, "Irin wannan makiyayin muke nema." Baba Yohanna yana tsaye, Mama Talatu tana tsugune a kunya ta gaba tana cire ciyawa. Na buɗe baki in faɗi dalilin da ya kawo ni gonar, na kasa. Su ma ba wanda ya tona ni. Sunan da ya rubuta ranar shi ne ya kai ni makarantar fastoci, ya kai ni har inda na yi ritaya.

Waɗanda ba su yi noma ba suna ɗauka bazara ce ƙarshen yunwa. Ba haka ba ne. Makonnin da shuka take tsaye kore, rumbu babu komai, jiki kuma yana aiki, su ne suke kwasar mutane. A nan geron da ke nuna da wuri yake ceton gida, a karyo zangarniya a gasa wa yara tumu. Gonar Mama Talatu ko ciki ba ta yi ba. Maƙwabta suna ba ta abin da suka iya, mu ma muna raba ɗan abin da dangin Rifkatu suka aiko daga gari, amma shekara ta biyu ke nan, kowa hannunsa ya kai ƙasan tukunya. Gashin Ladi ya koma ja, ƙafafunta suka kumbura, zawo ya kama ta. Kwana huɗu ta yi, ta rasu. Ban ce irin babanta ne zai tsare mata rai ba, Allah ne masani. Amma na iya ƙirga kwanaki, na kuma san da an shuka shi ranar da uwar ta zo da ƙwarya, da an yi mako biyu ana cin tumu a gidan.

Da safe aka aiko mini. Ban taɓa binne kowa ba kafin ranar. Na sami Baba Yohanna na ce a tura Konduga a kira faston can, ni ba zan iya tsayawa a kan kabarin nan ba, kuma in an gama zan tattara littattafaina in koma gari in nemi wani aikin.

"Je ka gaya mata da bakinka," in ji shi.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, mata sun kewaye ta, an naɗe yarinyar a wani tsohon zane. Na durƙusa, na fara kame-kame, na ce ya fi kyau a kira wanda ya cancanta. Ta ɗago ta dube ni, idanunta a bushe.

"Malam, wa zan kira? Kai aka turo mana."

Muka fita bayan gari. Ramin ɗan ƙarami ne, ƙasa jiƙaƙƙiya, ba a sha wuyar haƙa ba. Daga inda muke tsaye ana hango maiwar tana kaɗawa. Aka sa ta, aka yi waƙa ɗaya ba ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai yana jirana. Littafi yana hannuna a buɗe, ban ga ko harafi ɗaya ba. Ni da nake cika coci da murya, na kasa fara addu'ar. Aka yi ta jirana, har mutane suka fara ɗago kai.

Sai Mama Talatu ta ce, ba da ƙarfi ba, "Malam, yi mana addu'ar. Rana tana yi, sauran biyun ba su ci komai ba."

Na yi. Har yau ban san abin da na faɗa ba. Da na kai ƙarshe, ita ce ta fara cewa amin.